Zakin da Na Zana

A Ƙofar Ruwa muke, bayan masu ƙarfe,
mu uku a rumfa ɗaya, gwangwanin fenti ɗaya.
Tasi'u in ya ɗauki buroshi
hannunsa kan riga shi sanin hanya.
Ran nan ya zana shaho a bayan tifa,
kajin Iya mai awara suka watse.

Sagiru kuwa rubutu ne rabonsa.
Harafi ɗaya zai ja wa wutsiya
ta lanƙwasa kamar wuyan buta,
direban da bai iya karatu ba ma
sai ya tsaya yana gyaɗa kai.

Ni kuma na zana zaki.
Kwana uku ina durƙushe a bayan mota,
rana ta dafa mini ƙeya,
kananzir ya cinye mini yatsu.
Da 'yan makaranta suka taso,
wani ƙarami ya nuna da baki:
"Ku zo ku ga mage ta faɗa kwata!"
Mai motar ya biya ni, bai rage ko sisi ba,
sai dai ya ce in rubuta ZAKI a ƙasa
don kada mutane su ruɗe.

Ba ƙinsu nake ba, Allah na gani.
Tasi'un nan shi ya goya ni a babur
daren da zazzaɓi ya kayar da ni.
Amma in baƙo ya leƙo rumfa
ya ce, "Ina mai zanen nan?"
idonsa ya tsallake ni kamar tsallake lambatu,
wani abu kan tsaya mini a wuya,
ƙayar kifi,
ba ta fita, ba ta wucewa.

Na taɓa wanke buroshina na ɗaure da kyauro,
na ce gobe zan bi kawu Kwari in auna yadi.
Da asuba ƙafata ta kawo ni rumfa
ba tare da ta yi shawara da ni ba.

An ce Juma'ar da za ta yi kyau
tun daga Laraba ake gane ta.
Tawa Larabar laka ce da taɓo.
To, amma wa ya hana Alhamis ƙoƙari?

Ran Lahadi na hau adaidaita zuwa Gidan Zu,
takardar siminti a hammata, gawayi a aljihu.
Na tarar da shi kwance, ƙuda na bin idonsa,
ya yi hamma, ya juya mini baya.
Wallahi shi ma ɗin ya so ya yi kama da mage.
Na yi dariya har mai gadi ya waiwayo.
Sai na zauna. Na bar gezar, na bar haƙoran,
na kama dagi ɗaya, na gaba, na dama,
na zana shi sau sha tara
kafin a kira la'asar.

Yanzu kullum in an tashi daga aiki
ragowar fentin da ke gindin gwangwani nawa ne,
da wani tsohon kwano da iska ta yaye.
In zana, in shafe da fari, in sake.
Kwanon har ya yi kauri.

Shekaranjiya Tasi'u ya tsaya a kaina
yana ɓare gyaɗa, bai ce komai ba.
Can ya ce, "Dagin nan ya taka ƙasa."
Ya wuce abinsa.
Kalma biyar. Na ƙirga.
Na kai su gida kamar tsarabar kasuwa.

Jiya a cunkoson Kurna na hango motar,
magena na nan a baya, laka har kunne,
da sunanta a ƙasa, yadda aka ce in sa.
Ban sunkuyar da kai ba.
Na dube ta sosai, na ga inda wuyan ya karkace,
na riƙe a raina.
Saura dagi uku, da wuyan nan.